Demostenis na Atina: gwanin jawabin da ya kasa tare Filib

A shekara ta 351 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani mutum ɗan shekara 33 ya miƙe a taron jama'ar birnin Atina, a ƙasar Girka, ya nemi afuwa don ya riga manyan 'yan siyasa buɗe baki, sannan ya shiga zayyana lissafi: jirage nawa, mayaƙa nawa, kuɗin abinci nawa a wata, a wane tsibiri runduna za ta ci hunturu. Sunansa Demostenis. Daga ranar har mutuwarsa a 322, siyasarsa ta tattaru a kan abu guda, wato hana masarautar Makidoniya da ke arewa haɗiye biranen Girkawa. Makidoniya ta haɗiye su. Duk da haka jawabansa sun haura shekara dubu biyu ana koyar da su, har malaman baya suka riƙa ce masa "mai jawabi" kawai, kowa ya san wa ake nufi. Shekarun da za a ambata a nan na kafin haihuwar Annabi Isa ne, shi ya sa lissafinsu ke raguwa, sai inda aka ce miladiyya.

Fagen da ya yi aiki a ciki

Atina ba ta da sarki a zamaninsa. Taron jama'a ne ke yanke shawarar yaƙi, sulhu, haraji da aika jakadu. Maza 'yan gari da suka balaga suna haɗuwa a kan wani tudu kusan sau 40 a shekara, dubbansu, ban da mata da bayi da baƙi. Majalisar mutum 500 ce ke tsara abin da za a tattauna. Mai shela zai tambaya, "Wa ke son yin magana?", a saurari masu magana, a ɗaga hannu, a gama a wuni ɗaya. Mai ba da shawara ba shi da muƙami, ba shi da jam'iyya, ba shi da dakaru. Ƙarfinsa na ranar da ya shawo kan taro ne, gobe kuma sai ya sake sabon lale.

Akwai kuma tarko. Duk wanda ya kawo ƙuduri, kowane ɗan gari na iya maka shi kotu cewa ƙudurin ya saɓa wa doka. Kotun ma ta jama'a ce: mutum 201, ko 501, ko sama da dubu a manyan shari'u, waɗanda ƙuri'ar sa'a ta fitar, babu alƙalin da zai fayyace musu doka, babu ɗaukaka ƙara. Kowa shi ke kare kansa da bakinsa. Ana auna masa lokaci da tukunya mai huda a gindi, ruwa ya ƙare, magana ta ƙare. Wanda bai iya magana ba sai ya biya wani ya rubuta masa, ya haddace, ya je ya zuba kamar daga kansa ta fito. Wannan sana'a ce Demostenis ya fara ci da ita.

Game da kuɗi: dirakma 100 ita ce mina ɗaya, mina 60 kuma talanti ɗaya, wajen kilo 26 na azurfa. Lebura kan samu dirakma ɗaya da rabi a wuni. Talanti ɗaya ke nan ya kai ladan leburanci na fiye da shekara goma.

Dukiyar maraya

An haife shi a 384, shekarar da aka haifi Aristotal, kuma a shekara ɗaya suka mutu. Mahaifinsa attajiri ne mai maƙera ta wuƙaƙe da takubba da bayi talatin da 'yan kai, da wajen haɗa gadaje mai bayi 20. Ya rasu yaron yana ɗan shekara bakwai, ya bar dukiyar da ta kusa talanti 14 a hannun wasiyyai uku: Afobus da Demofon, waɗanda danginsa ne, da abokinsa Terifidis. Wasiyyar ta ce Afobus ya auri matar mamacin, Demofon ya auri 'yar idan ta girma, kowa aka ba shi dukiyar auren tun a lokacin. Suka karɓi kuɗin, ba su yi auren ba. Da yaron ya balaga bayan shekara goma, abin da suka miƙa masa, a faɗarsa, gida ne da bayi 14 da mina 30, jimilla wajen mina 70. Bai kai kashi ɗaya cikin goma ba.

Ya nemi koyo wajen Isayus, gwanin shari'ar gado, ya kai Afobus ƙara yana neman talanti goma. Kasada ce, domin in ya faɗi zai biya ɗaya bisa shida na abin da ya nema, mina 100, fiye da duk abin da ya mallaka. Ana saura kwanaki a shiga kotu, abokan Afobus suka bi ta wata ƙofar doka suka ɗora masa ɗaukar nauyin kuɗin wani jirgin yaƙi na birnin, dole ya ci bashi ya biya mina 20. Ya ci shari'ar yana ɗan shekara 20 da 'yan kai. Karɓar kuɗin kuma ta zama wata sabuwar rigima, don Afobus ya ɓoye gonarsa a bayan surukinsa Onetor da sunan jinginar dukiyar aure. Kaɗan ya dawo hannunsa. Wanda ya karanta waɗannan jawabai na farko zai ga halin da ya bi shi har tsufa: yana jera lambobi, yana kiran shaida a kan kowanne, kuma ba ya yafewa.

Labaran yadda ya gyara harshensa su suka fi shahara. An ce yana da tsamin baki da gajeren numfashi, taro ya yi masa dariya a karon farko. Sai ya riƙa cusa tsakuwa a baki yana rera waƙoƙi, yana magana yana hawa tudu a guje, ya haƙa ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, ya aske rabin kansa don kunya ta hana shi fita. Fulutak, marubucin tarihin manyan mutane, shi ne ya tara yawancinsu, wajen shekara 400 bayan mutuwarsa, ko da yake na tsakuwa ya jingina shi ga wani da ya ce daga bakin Demostenis ya ji. Abin da ake iya tabbatarwa yana cikin rubutun kansa. Yana guje wa haɗuwar wasali da wasali tsakanin kalmomi. Wani masani Bajamushe, Friedrich Blass, ya gano a ƙarni na 19 miladiyya cewa da wuya ya jera gajerun gaɓoɓi uku, abin da ke sa jimlarsa ta yi nauyi a kunne. An kuma samu buɗe-jawabi sama da 50 da ya rubuta ya ajiye. Abokan hamayya sukan ce jawabinsa na warin fitila, wato kwana ya yi yana shiri. Gaskiya suka faɗa, domin ba ya son magana ba shiri.

Filib da lissafin talanti 92

Filib na biyu ya hau mulkin Makidoniya a 359, ƙasar tana gab da wargajewa. Cikin shekara biyar ya ƙwace Amfifolis, Fidina, Fotidiya da Metoni, garuruwan da Atina ke ganin nata ne ko na ƙawayenta. Ya mallaki ma'adinan zinariya da azurfa na dutsen Fangayon, waɗanda aka ce suna kawo masa talanti dubu a shekara. Sojojinsa na dindindin ne, suna riƙe da masu masu tsawon wajen mita biyar, suna yaƙi rani da damina. Ita kuwa Atina ta fito daga yaƙi da ƙawayenta a 355 baitulmali ya bushe, kuɗin shiga ya faɗi zuwa talanti 130.

Jawabin 351, wanda ake kira na farko a kan Filib, ya ɗora yatsa a kan ainihin ciwon. Filib shi ne sarki, shi ne janar, shi ne ma'aji, yana yanke shawara a ɓoye ya aiwatar a take. Atina sai ta ji an kai hari, ta kira taro, ta naɗa masu ɗaukar nauyin jirage, su yi gardama a kan wanda ya fi kuɗi, a nemo matuƙa, kafin a tashi gari ya faɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga kuma iska: a tsakiyar rani iskar arewa kan kaɗa a tekun na makonni, jirgi ba ya iya haurawa daga Atina, Filib kuwa ya san haka, sai ya jira ta. Demostenis ya kwatanta mutanensa da ɗan damben da bai iya ba, inda aka nausa nan yake kai hannu, bai san karewa ba balle kai hari.

Maganin da ya kawo kashi biyu ne. A shirya jirage 50 a gida don ko-ta-kwana. Sannan a kafa ƙaramar runduna ta dindindin a arewa: dakarun ƙasa 2,000, 500 daga ciki 'yan gari, mahaya 200, 50 daga ciki 'yan gari, da jirage masu sauri goma, su ci hunturu a tsibiran Lemnos ko Tasos ko Sikiyatos. Ya ce dole a sa 'yan gari a ciki don su sa ido a kan sojojin haya da janar ɗin kansa. Kuɗin kuwa: kowane jirgi mina 20 a wata, talanti 40 a shekara; kowane dakare dirakma goma a wata, talanti 40; kowane mahayi dirakma 30, talanti 12. Jimilla talanti 92.

Shirin yana da rauni, kuma a fili yake. Kuɗin na abinci ne kaɗai, sauran albashi ya ce yaƙin zai samar, wato ganima, hanyar da ta saba jefa sojojin haya cikin wawure ƙawayen Atina. Mutum 2,000 kuma ba za su tsaya gaban Filib a fili ba, shi ma ya yarda, sari-ka-noƙe yake nufi. Taron bai amince ba.

Dalili ɗaya shi ne tsarin kuɗin Yubulus, mutumin da ke riƙe da tattalin arzikin birnin. Rarar kuɗin gwamnati tana shiga wani asusu da ake raba wa 'yan gari a lokutan bukukuwa, ake kuma gyaran tashar jirage da gine-gine da shi. Taɓa asusun hatsari ne: a 348 wani mai suna Afolodorus ya kawo ƙudurin a bar jama'a su zaɓa ko rarar ta koma yaƙi, aka kai shi kotu aka ci shi tarar talanti ɗaya. Demostenis ya zana Yubulus da mutanensa a matsayin masu sayen talakawa da kuɗin kallo. Adalci shi ne a tuna cewa a ƙarƙashin wannan tsarin ne kuɗin shiga ya tashi zuwa talanti 400, jiragen yaƙi suka haura 300. Kuɗin da Demostenis ya yi yaƙi da su daga baya, tattalin Yubulus ne ya tara su.

A 349 Filib ya juya kan Olintus, babban birnin yankin Kalkidiki. Demostenis ya yi jawabai uku yana neman a kai ɗauki da gaske. Atina ta aika runduna sau uku, amma ta raba ƙarfinta da wani yaƙi a tsibirin Yubiya, wanda shi ya ƙi goyon baya. Runduna ta ƙarshe, mai 'yan gari 2,000, iskar arewa ta tsare ta. A 348 wasu shugabannin mahaya biyu suka ci amanar garin, Filib ya rushe shi ya sayar da mutanensa bayi. Masu haƙar tarihi sun tono kawunan kibau masu ɗauke da sunan Filib a kufan garin.

Sulhu, sannan Keroniya

Sulhun 346, mai ɗauke da sunan Filokratis, ɗan siyasar Atina da ya kawo ƙudurinsa, da hannun Demostenis a ciki dumu-dumu, ko da yake daga baya ya yi ta wanke kansa. Yana cikin jakadu goma da aka tura wurin Filib, tare da Eskinis, tsohon ɗan wasan kwaikwayo mai daɗin murya. Sharaɗin shi ne kowa ya riƙe abin da ke hannunsa, don haka ranar rantsuwa ce ke da muhimmanci. Atina ta rantse da wuri. Jakadun da suka je karɓar rantsuwar Filib kuwa suka shafe kwana 50 tsakanin tafiya da jira a Fela, babban birnin Filib, shi yana can yana ƙarasa cin garuruwan Tirakiya. Da ya dawo ya rantse, sai ya ratsa mashigin Tamofili ya karya Fokis, ƙawar Atina da aka bari a wajen yarjejeniya. Demostenis ya ce cin hanci ne ya jawo jinkirin. Ya kai Eskinis ƙara, aka yi shari'ar a 343, Eskinis ya sha da ratar ƙuri'a 30.

Shekarun 341 zuwa 338 su ne ganiyarsa, kuma aikin da ya yi a cikinsu ya fi jawabi yawa. Ya ƙulla ƙawance da Bizantiyom da biranen Yubiya. Atina da hatsin da ke zuwa daga Baƙin Teku take rayuwa, da Filib ya kame jiragen hatsi wajen 200 a 340, yaƙi ya tabbata. Demostenis ya sauya dokar ɗaukar nauyin jirage. A da mutum 1,200 ke raba nauyin kusan daidai wa daida, attajiri ya biya ɗan kaɗan, mai matsakaicin hali ya durƙushe. Ya mayar da nauyin kan mutum 300 mafiya dukiya, gwargwadon abin da kowa ya mallaka. A 339 rarar kuɗin nan ta koma asusun yaƙi.

A ƙarshen 339 labari ya iso da yamma cewa Filib ya kama Elatiya, tafiyar kwanaki kaɗan daga Atina. Washegari da asuba jama'a suka cika tudu, mai shela ya yi ta tambaya, ba wanda ya tashi, sai shi. Haka ya ba da labarin da kansa. Shawararsa ita ce a haɗa kai da Tibis, maƙwabciyar da Atina ta daɗe tana gaba da ita, kuma ƙawar Filib a takarda. Ya tafi da kansa, ya yi muhawara da jakadun Filib a gaban mutanen Tibis, ya ci. Farashin bai yi arha ba: Eskinis ya ce Atina ta ɗauki biyu bisa uku na kuɗin yaƙin ƙasa da duk na teku, ta kuma bar wa Tibis jagorancin ƙasa.

A Agustan 338 aka haɗu a Keroniya. Filib yana jan ɓangare ɗaya na rundunarsa, ɗansa Iskandar mai shekara 18 yana jan ɗayan. An kashe 'yan Atina sama da dubu, aka kama 2,000, aka kusa shafe zaratan Tibis 300. Demostenis ya yi yaƙin a sahun dakarun ƙasa yana ɗan shekara 46, ya gudu tare da waɗanda suka gudu, maƙiyansa suka riƙe wannan har ƙarshen rayuwarsa. Amma shi mutanen Atina suka zaɓa ya yi jawabin makokin waɗanda suka mutu. Filib bai taɓa Atina ba, ya saki fursunoninta ba fansa, ya kafa ƙungiyar Koranti da ta sa biranen Girka ƙarƙashin jagorancinsa. Wannan sassauci shi ne babbar hujjar masu cewa Demostenis ya kambama haɗarin tun farko.

Shari'ar kambi

A 336 wani abokinsa, Kitesifon, ya kawo ƙudurin a naɗa masa kambin zinariya a dandalin wasan kwaikwayo saboda hidimarsa. Eskinis ya kai Kitesifon ƙara, aka yi shekara shida kafin a saurare ta. A tsakani an kashe Filib, Demostenis ya fito da fararen kaya yana murna alhali 'yarsa ba ta cika mako da rasuwa ba. Tibis ta yi tawaye da zugar Demostenis a 335, Iskandar ya rushe ta, aka kashe mutum 6,000 aka sayar da 30,000, Atina ba ta aika soja ko ɗaya ba. Iskandar ya nemi a miƙa masa Demostenis da wasu, da ƙyar aka roƙe shi ya janye.

Tuhumar Eskinis uku ce. Doka ta hana naɗa wa ma'aikaci kambi kafin a binciki asusunsa, Demostenis kuwa yana riƙe da muƙamin gyaran ganuwa a lokacin. Doka ta ce a majalisa ko taron jama'a ake shelar kambi. Na uku, ƙudurin ya shigar da ƙarya cikin takardun gwamnati da ya ce mutumin alheri ya yi wa birni. A ta farko Eskinis yana da gaskiya ƙarara, shi ya sa ya roƙi masu hukunci su tilasta wa abokin hamayyarsa bin tuhumar bi da bi. Demostenis ya ƙi. Ya fara da dogon tarihin siyasarsa, ya cusa amsar batutuwan doka a tsakiya a taƙaice, ya koma kan Tibis da Keroniya ya daɗe. Kafin ruwan tukunya ya ƙare, tambayar da ke gaban masu hukunci ta sauya: shin ku da kanku kun yi kuskure da kuka yi yaƙi? Da yawansu sun ɗaga hannu a taron 339, wasu sun binne 'ya'ya.

Hujjarsa ita ce a auna mai ba da shawara da abin da ya zaɓa a cikin abin da ake iya gani a ranar, sakamako kuwa ba a hannunsa yake ba. Mai jirgin da ya ɗaura wa jirginsa komai, guguwa ta farfasa shi, ba a tuhumarsa da nutsewa. Sannan ya ƙara taki ɗaya da ba kowa zai yi ƙarfin halinsa ba: ko da kowa ya san za a sha kashi, bai kamata Atina ta zaɓi wata hanya ba. Ya rantse da kakanninsu da suka tari Farisa a Maraton da Salamis da Filatiya cewa ba su yi kuskure ba, domin birnin ya binne waɗanda suka ci da waɗanda aka ci da daraja ɗaya. A cikin jawabin nan dai akwai zagin iyayen Eskinis na fitar hankali, ya ce ubansa bawa ne, abin da bai faɗa ba a shari'ar 343. Eskinis bai samu ko ɗaya bisa biyar na ƙuri'u ba, tarar dirakma dubu ta hau kansa, ya bar gari ya koma tsibirin Rodos yana koyar da jawabi.

Kuɗin Harfalus da Kalauriya

A 324 Harfalus, ma'ajin Iskandar, ya gudo Atina da dukiya. Da shawarar Demostenis aka tsare shi, aka ajiye kuɗin da ya ce talanti 700 ne. Harfalus ya tsere, aka ƙirga aka samu 350. Demostenis da kansa ya nemi majalisar Ariyofagus, ta tsofaffin manyan ma'aikatan birnin, ta yi bincike. Bayan wata shida ta fitar da sunaye da adadi ba tare da hujja ba, nasa yana ciki da talanti 20. Tsohon abokin gwagwarmayarsa Hiferidis na cikin masu gabatar da ƙara, kuma a faɗarsa Demostenis ya amsa karɓa, ya ce don aikin gwamnati ne. Aka ci shi tarar talanti 50, ya kasa biya, aka ɗaure shi, ya sulale ya bar gari.

Mutuwar Iskandar a Babila a 323 ta dawo da shi. Atina ta jagoranci tawaye, shi kuma yana gudun hijira ya bi biranen kudu yana nemo mata ƙawaye, aka aika jirgi ya ɗauko shi da karramawa. A 322 aka karya jiragen Atina a Amogos, aka karya rundunar ƙasa a Kiranon. Antifata, gwamnan Makidoniya, ya girke soja a tashar jiragen birnin, ya ce sai mai dukiyar dirakma 2,000 ke da ƙuri'a, mutum 9,000 kaɗai suka rage. Taron da ya naɗa wa Demostenis kambi ya yanke masa hukuncin kisa. Ya fake a haikalin Fosaidon a tsibirin Kalauriya, wanda ake kira Foros a yau. Da masu farautarsa suka iso a watan Oktoba, ya nemi a bar shi ya rubuta wasiƙa, ya tsotsi gubar da aka ce ya ɓoye a alƙalaminsa. Yana da shekara 62. Bayan shekara 42 Atina ta kafa masa mutum-mutumi, da rubutun da ke cewa da ƙarfinsa ya kai azamarsa, da Makidoniya ba ta mulki Girkawa ba.

Abin da aka yi da sunansa

Kowane zamani ya ɗauke shi ya yi nasa yaƙin da shi. Sisero na Rum ya sa wa jawabansa 14 a kan Markus Antoniyus sunan jawaban Demostenis a kan Filib, aka kashe shi a 43. A wajen 1470 miladiyya Kadina Besariyon ya fassara jawabin Olintus na farko zuwa Latin don zuga sarakunan Italiya a kan Turkawan Usmaniyya. A 1805 masanin tarihi Niebuhr ya fassara jawabin farko a kan Filib zuwa Jamusanci, Nafoliyon yake nufi. Clemenceau, firaministan Faransa a ƙarshen yaƙin duniya na farko, ya rubuta littafi a kansa a 1926. Wasu masanan Jamus na ƙarni na 19 kuwa, da suke kallon Furusiya tana haɗa kan ƙasarsu, sun ga Filib ne mai hangen nesa, Demostenis lauya ne mai kare ƙaramin gari da zamani ya wuce.

Suka mafi nauyi ta fito daga Bagirke ɗan'uwansa, marubucin tarihi Folibiyus, a ƙarni na biyu. Ya ce Demostenis ya kira shugabannin Akadiya da Mesiniya maciya amana don sun bi Filib, alhali mutanen nan da taimakon Makidoniya suka kuɓuta daga danniyar birnin Isfata, maƙwabcinsu. Abin da ya amfani Atina shi ya auna kowa da shi, ya sa masa suna 'yancin Girka. Wannan suka tana da tushe, domin Atina ma ta yi wa ƙananan birane mulkin ƙarfi, kuma hanyar hatsinta take karewa a arewa. Amma ba ta rushe hasashen Demostenis ba. Ya ce sarki da birni mai mulkin jama'a ba za su daɗe a inuwa ɗaya ba, kuma shekara 16 bayan Keroniya Makidoniya ta soke mulkin jama'a a Atina.

Mai karatu ya riƙe abu ɗaya a ransa. Jawabai kusan 60 ne suka iso mana da sunansa, wasu ba nasa ba ne, kuma waɗanda ke nasa rubutu ne da aka tace, ba lallai kalma da kalma abin da aka ji a taro ba. Yubulus bai bar jawabi ba. Fokiyon, janar ɗin da Demostenis ke kira gatarin jawabansa, bai bar ba. Yawancin abin da duniya ta daɗe tana ɗauka game da halin Filib daga bakin babban maƙiyinsa ya fito. A shari'ar 343 da ta 330 ne ake da jawaban ɓangarorin biyu, kuma idan aka jera su sai a tarar mutum biyu da suka yi tafiya ɗaya, suka zauna a gaban sarki ɗaya, suna ba da labarai biyu masu karo da juna a gaban mutanen da suka san su duka.